Bokiti Biyu a Tafkin Lempi

Signe Rautio ta jira sai da ƙanƙarar da ta rufe tafkuna ta narke kafin ta taɓa maganar. Tun cikin Janairu ta ji ta, a gidan kula da tsofaffi, daga bakin Marlys, tsohuwar matar Vernon, ƙanin mijinta. Marlys tana kwance da robar numfashi a hanci, ta kamo hannunta ta ce, "Signe, bari in sauke kayan nan kafin in tafi. Bokiti biyu ne. Ni na danne murafensu a bayan mota har bakin ruwa. Vernon ne ya kai su Lempi, ba Arvo ba."

Signe ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa Marlys bargo, ta koma gida ta zauna a kicin da rigar sanyinta a jiki, har kofi ya ƙone a tukunya ba ta ji ƙaurinsa ba.

Lempi ɗan ƙaramin tafki ne can cikin dajin kan iyaka, inda babu mota babu inji, sai kwalekwale da filafili. Kafin a kai gare shi sai an sauka sau huɗu an ɗauki kwalekwale a kafaɗa an haura tudu. Ita da mijinta Arvo sun yi shekara goma sha tara suna kai baƙi can kamun walai, kifin nan mai ido kamar gilashi, wanda namansa fari fat yake ɓarewa a kasko. A farkon Yuni, in ka soka matsattsaku a ƙugiya ka saki kusa da duwatsu, ba ka gama kurɓar kofinka sai ka ji an ja.

Wata shekara sai bas ƙaramin-baki ya bayyana. Kifi ne mafaɗaci, baƙi 'yan kudu suna mutuwar sonsa saboda tsallen da yake yi sama da ruwa in ƙugiya ta kama shi. Amma ba ɗan tafkin ba ne, kuma ba shi da ƙafar hawan tudu huɗu. Wani ne ya kawo shi. Ya hayayyafa, ya cinye 'ya'yan walai da abincinsu, kafin shekara takwas walai ya zama labari. Wani mutum ya ce ya taɓa ganin koren kwalekwalen Arvo a mashigar hanyar tafkin da bokitai a ciki. Masu gadin daji suka karɓe takardar izininsa ta kai baƙi kamun kifi. A shagon kofi na gari, in Arvo ya shigo sai hira ta mutu. Ya koma aikin yankan katako, ya daina taɓa sandar fatsa, ya rasu shekara tara da suka wuce da wannan tabo a sunansa. Shi kuwa Vernon ya bar aikin ma'adinai ya buɗe shagon hayar kwalekwale, yana tura 'yan kudu Lempi su sha tsallen ƙaramin-baki, har ya yi tumbi.

A makon farko na Yuni ta same shi a shagonsa yana jera filafilai.

"A'a, matar yaya! Yau wace rana? Ko kin ɓata hanya ne?"

"Rufe ƙofa," ta ce. Ta rage murya. "Walai ya dawo Lempi. Shekaranjiya na kama uku, kowanne ya kai tsawon hannuna."

"Kai, Signe! Tsufa ya fara taɓa ki."

"To shike nan. Bari in je in gaya wa Lundgren na ɗaya shagon hayar, shi baƙinsa sun fi son walai."

Vernon ya sha gabanta. "Haba, wasa nake yi. Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? A wane lungu?"

"Ba a faɗa da baki. In kana so, jibi da asuba. Ni da kai kaɗai."

Da asubar suka tura kwalekwale. Ita ce a baya tana tuƙi, shi a gaba, da yake kafaɗarsa ta dama ta lalace. A kowane tudu ita mai shekara sittin da shida take kifa kwalekwalen a kafaɗa ta wuce, shi yana biye da jaka yana haki yana zuba surutu. Ya ba ta labarin sabuwar motarsa, da jikarsa da ta shiga jami'a. A tudu na uku har ya ce, "Allah ya jiƙan yaya. Da ya bi shawarata ya rungumi ƙaramin-baki, da bai mutu da baƙin ciki ba." Signe tana ƙarƙashin kwalekwale, bai ga fuskarta ba.

Baƙin ƙuda ya riga ya fito, irin ƙananan nan masu shiga bayan kunne da ƙasan hula su yanki fata. A kan tudu dole su sa ragar fuska. Da suka sauka Lempi iska ta ɗan kaɗa, Vernon ya cire ragarsa ya cusa a jaka tare da kwalbar maganin shafawa, ya naɗe hannun riga.

Da hantsi ta nufi tsibirin da ke bakin rafin da yake zuba cikin tafkin. Falalen dutse ne da 'yan itatuwa, tudun gabas ya tare masa iska, kuma a wannan rafin ƙuda yake ƙyanƙyasa. Duk jagoran da ya san Lempi ba ya sauka nan a watan Yuni. Vernon kuwa rabonsa da zuwa da kansa an fi shekara goma sha biyar.

"Sauka ka tara itace," ta ce. "Mu sha kofi tukuna. Walai ba ya ci da rana tsaka."

Ya taka dutse da ƙyar, ya miƙe yana dafe ƙugu. Ta sa filafili ta tokare dutsen. Kwalekwale ya ja baya sumul, da jaka, da ashana, da raga, da magani. Ta tuƙa kamar taku arba'in, inda iska take kaɗawa, ta saki dutsen da take ɗaurewa da igiya ya riƙe ta a wurin.

"Ke, ina za ki? Miƙo ashana mana!"

Ta buɗe gwangwanin matsattsaku, ta soka ɗaya, ta jefa wajen tsakuwar da ƙaramin-baki yake gadin ƙwansa. Ko ƙirga goma ba ta yi ba sanda ta lanƙwasa. Kifin ya yi tsalle sau biyu, jajaye-jajayen idanunsa suna walƙiya. Ta jawo shi, ta ƙwala masa katako a ka, ta ɗaga.

"Ka gane shi, Vernon? Jikan naka ne."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Marlys ta gaya mini. Bokiti biyu."

Sai ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Marlys? Matar da ba ta san ranar mako ba? Haba, matar yaya. Tun da na sake ta take nemana da sharri."

"To zauna. Ni ba na sauri."

Ƙuda bai ɓata lokaci ba. Da farko Vernon yana kore shi da hula, sannan ya warware hannun riga, ya ɗaga kwala. Ya karyo reshe yana fyaɗa wa kansa. Ya zagaya tsibirin, ko'ina ɗaya ne. Ya tsoma ƙafa a ruwa ya janye da sauri, domin wata guda ke nan da narkewar ƙanƙara, kuma shi da kansa ya san ɗan shekara saba'in mai kafaɗa ɗaya ba zai kai gaɓa ba. Signe tana kallo daga nesa, kamar hayaƙi ya kewaye kansa. Ta kama na biyu, ta kama na uku. Ta buɗe burodinta da yankan nama ta ci a hankali.

"Signe! Mayya! Wallahi sai na sa an ɗaure ki!"

"Sai ka fita daga nan tukuna."

"Jini fa nake yi! Dubi wuyana!"

"Na gani. Arvo shekara goma sha uku ya yi ana cinsa a gari, ban ji ka ce a dubi wuyansa ba."

Abin da ya ba ta mamaki shi ne daɗin da ta ji. Ta zaci tausayi zai kama ta, da yake ita ce ta yi jinyar wannan mutumin lokacin da ya karye a ramin ma'adinai. Ko kaɗan. Duk marin da ya kai wa kansa sai ta ji wani ƙulli ya kwance a ƙirjinta.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Zagi ya ƙare, aka koma lallashi. Ya kira ta yaya, ya kira ta uwar gida, ya tuna mata bikin aurenta da shi ya riƙe zobe. Daga baya ya zauna a kan dutse ya ja riga ya rufe kai, ƙuda ya koma kan bayansa da ya buɗe.

Can ya ce, murya a dushe, "To ni ne. Kin ji daɗi? Ni ne! Ramin ma'adinai za a rufe, ina da 'ya'ya uku. Na ce kifi ne kawai, tafki zai ɗauke su duka biyu. Ina na san haka za ta faru?"

"Da ta faru fa? Bakinka ciwo yake yi?"

Ya yaye rigar. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, jini ya bushe a bayan kunnuwansa. "Ke kina ganin yaya bai sani ba? Kwalekwalen wa na ara? Shi ya ɗora mini shi a mota da hannunsa. Ranar da masu gadi suka zo, ya same ni a bayan gida ya ce, 'Kai kana da yara, ni ba ni da su. Ka ja bakinka.' Umarninsa na bi!"

Signe ta ajiye sanda. Wani kifi yana ja, ba ta kula ba. Shekara goma sha uku tana kwana tana tashi da mutum, tana zagin wanda ya yi musu wannan abu a gabansa, shi kuwa yana shan miyarsa yana cewa a bar wa Allah. Kuma da rashin haihuwarsu ya yi ciniki, bai ko tambaye ta ba. Izinin da aka karɓe ai nata ne ita ma, tafkin nata ne ita ma.

Vernon ya ga ta ajiye sanda, ya zaci ya samu ƙofa. "Kin gani? Shi ya yafe. Zo mu tafi gida, Signe."

"Shi ya yafe nasa," ta ce. "Nawa ba a tambaye ni ba."

Ta ciro taswira daga jaka, ta haɗa da fensir ta sa a leda, ta maƙala a ƙugiya ta wurga. Ledar ta faɗi a gabansa.

"Rubuta a baya. Shekarar, da bokiti nawa, da inda ka kamo su, da kwalekwalen wa. Ka sa hannu. In ka rubuta cewa Arvo ne ya ce ka yi shiru, ka ƙara da cewa kai kuma ka yarda."

"In na ƙi fa?"

"Rana ba ta faɗuwa sai tara. Daga nan sauro ya karɓi aiki."

Ya rubuta. Ta naɗo zaren, ta karanta sau biyu, ta mayar masa ya gyara shekarar da ya rage da ɗaya. Sannan ta ɗaga dutsen ta matso. Ya shiga kwalekwale ya wawuri raga. Suka sake haura tudu huɗun suka fito. A mashiga ta ɗora masa igiyar kifin a cinya, ƙaramin-baki goma sha ɗaya.

"Naka ne. Ni ba na ci."

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, ana shan kofi a ɗakin ƙasa na cocin, Signe ta buga cokali a kofi ta miƙe ta karanta takardar daga farko har sa hannu. Vernon bai zo ba, yana gida fuska kamar kabewa, likita ya ba shi ƙwayoyi. Matar limamin cocin ta ce a hankali, ai da an bi ta wata hanya, mutumin nan zai iya mutuwa a can. Signe ta ce ta yi wata biyar tana neman wata hanyar, wannan ce ta fi yi mata.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ta yi daidai, wasu suka daina gaishe ta, suna cewa tsohuwar ba ta da imani. 'Ya'yan Vernon ba su sake taka gidanta ba, har da ƙaramar da ta yi wa goyo, kuma wannan ya ci ta fiye da yadda ta nuna. Kafin kaka Vernon ya sayar da shagon ya koma wurin 'yarsa a Duluth.

Wata safiya cikin Agusta wani tsoho ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, hula a hannu. Ta gane shi. Shi ne shugaban masu gadin daji a wancan lokacin, yanzu ya yi ritaya, yana dogara sanda. Ya ce ya ji abin da aka karanta, ya kasa samun sukuni, ya zo ne ya nemi gafara a kan abin da aka yi wa Arvo.

Signe ta dube shi ta cikin ragar ƙofa, ba ta buɗe ba.

"Maƙabarta tana bayan coci," ta ce. "Layi na uku, kusa da shinge. In ka je ka gaya masa naka, ka ce ni ma ina nan tafe da nawa ƙorafin."