Farin Ƙwallo Goma Sha Huɗu

Sau uku aka kira wayar Nicanor cikin mako guda, kuma duk maganar ɗaya ce: ya cika shekara goma sha takwas, sunansa na cikin takarda, ranar Lahadi da ƙarfe takwas ya hallara a filin ƙwallon kwando, za a jefa ƙuri'ar soja. A kira na uku uwarsa Herminia ta fizge wayar, hannunta duk ƙullun masara.

"Baiwar Allah, yaron nan ba lafiya gare shi ba. Asma ce da shi. Ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ga shi ba ya gani sosai."

"Doña Herminia, ni ce fa Pilar, 'yar mai gidan burodi," in ji muryar da ke cikin wayar. "Jiya a gabana ya ci ƙwallo biyu."

"To da kyar ya ci su!" in ji Herminia, ta kashe wayar.

Uban yaron, Crescencio Zárate, yana bakin ƙofa yana ɓare masara. Ya yi dariya har da tari, amma dariyar ba ta sauka cikinsa ba. Kowa a Santa Rita ya san yadda abin yake, kamar ko'ina a Meksiko. A kira sunanka, a zaro ƙwallo. In baƙi ya fito, ka koma gida abinka. In fari ne, shekara guda cur, duk Asabar kana bariki a birni, kanka a aske ƙwal. Ba faretin ne ke tsorata iyaye ba, hanyar ce. Awa biyu ce ta cikin duwatsu, kuma akwai inda wasu masu bindiga marasa kaki ke tare bas, su ce samari su cire hula, su duba askin. Bara sun sauke wani yaro na ƙauyen gaba. Ya dawo bayan kwana huɗu, har yau ba ya son magana.

Ranar Lahadi Herminia ta ce ita ba za ta je ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, gara ta zauna gida ta kunna kyandir ta yi addu'a. Crescencio ya sa farar rigarsa da sabuwar malafa, ya tasa ɗansa a gaba.

Filin kuwa kamar ranar biki. Masu busa sun zo ba wanda ya gayyace su. Mata na sayar da tamale, wato alalen masara a cikin ganye, da kunun masara mai zafi, 'yan mata sun jeru a bakin shingen waya suna nuna samari da baki. Samarin, su hamsin da biyu, an zaunar da su a ƙasa a tsakiyar fili, kowanne ya sha mai a gashi, don mai yiwuwa yau ce rana ta ƙarshe da zai taje shi. A kan tebur ga kejin ƙarfe mai juyawa da aka aro daga coci, cike da ƙwallaye kamar ƙwan zabo. Wani laftanar siriri mai ƙaton maƙogwaro ya kama lasifika.

"Fari goma sha huɗu! Baƙi talatin da takwas! Wanda ya ji sunansa ya miƙe ya ce ga shi!"

Crescencio ya ƙirga ƙwayar masara goma sha huɗu, ya zuba a aljihun hagu.

"Matsa mini, kompadre, kai kaɗai ka cinye benci."

Casilda ce, matar marigayi Zúñiga. Ita ta riƙe Nicanor ranar da aka yi masa baftisma, shi kuma Crescencio ya riƙe nata ɗan, Eleuterio, wanda shi kaɗai ta haifa, shi ya sa take ce masa kompadre, shi kuma yake ce mata komadre. Ga yaran can a layin ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, suna fizgar gyaɗa daga leda ɗaya. A can suke kullum. Da sunan dangi ake bin layi, daga A zuwa Z, saboda haka tun daga rigakafi har rabon littattafai a makaranta, Zárate da Zúñiga su ne ake bar wa ƙura.

"Komadre, yau ma mu ne 'yan sharar fili."

"Ai na zo da abincin rana," in ji ta.

Laftanar ya juya keji. "Aguilar!"

Baƙi. Yaron ya yi wata alkafura a kan siminti, takalminsa ɗaya ya tashi sama, masu busa suka saki kiɗa.

"Alvarado!"

Fari. Fili ya ɗauki "wuuu!" Samarin da ke kusa suka yi kansa suna yamutsa masa gashi, suna waƙar "Soja! Soja! Ina gashinka?" Shi ma yana dariya, idonsa kuwa yana neman uwarsa a cikin taro.

Crescencio ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga hagu ya sa a dama. A daidai lokacin ya ji wani abu mai daɗi ya gangara masa daga wuya zuwa ciki, kamar kurɓin farko na ruwan sanyi a gona. Ya tsaya ya dubi abin nan da ya ji. Uban wannan yaron shi ya taya shi rufin ɗaki shekara uku da suka wuce, bai karɓi komai ba sai abincin rana. Crescencio mutum ne mai yawan juya magana a ransa, har Herminia kan ce ko ƙwai aka ba shi sai ya tambayi inda kazar ta kwana. Ya ce wa kansa: ai ba ni na zaro ƙwallon ba. Ya ce: murnata ba ta ƙara wa yaron ko Asabar ɗaya ba. Duk gaskiya ne. Amma farin nan goma sha huɗu dole kowanne ya sauka a gidan wani, kuma shi ya zo nan ne ya zauna yana fatan su sauka a gidajen mutanen da yake gaisawa da su kullum da safe. Ya leƙa benci sama da ƙasa. Ashe kowa abin da ya kawo shi ke nan, sun sa tufafin coci sun zo yi wa juna mugun fata cikin raha.

"Bautista!" Fari.

"Saura nawa, kompadre?" in ji Casilda ƙasa-ƙasa.

"Sha biyu."

"Allah ya ƙara."

Ya dube ta, ta dube shi, sai dariya ta ƙwace musu. Ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa. Daga nan tunanin ya bar shi, daɗin ya ci gaba.

Da aka shiga su García sai fari ya yi ta zuba kamar an buɗe masa ƙofa. García na farko fari, na biyu fari, na ukun ya miƙe tun kafin a kira shi ya sara wa laftanar, shi ma fari. Crescencio ya rasa yadda zai yi da ƙafafunsa, suna ta buga siminti da kansu. Ya sayi tamale huɗu ya raba wa mutanen da bai sani ba. Wata tsohuwa a benci na gaba, da ta ji an ce jikanta ya sami fari, ta miƙe tana guɗa tana gode wa Budurwa Maryamu, sai da aka ja zanenta aka gaya mata farin shi ne mugun.

"Fari ne mugu? To wane jahili ne ya tsara wannan?" in ji ta. Har laftanar sai da ya juya baya ya gama dariyarsa.

"Saura nawa?"

"Biyar, komadre! Biyar, ga yara kusan talatin!"

"Kai, yau sai na sha giya, ko Fadan coci na kallo."

Sai abin ya juya. Martínez baƙi. Mendoza baƙi. Su Ortiz biyu baƙi, su Pérez huɗu duk baƙi, suka rungume juna suka faɗi ƙasa tuli guda. Kowane baƙi masu busa sai sun yi masa kiɗa, kuma Crescencio ya fara jin haushin mai babban ƙahon nan da kumatunsa kamar na kwaɗo. Ya yi ta taɓa aljihun hagu, ƙwayoyin na nan ba su motsa ba. Rana ta hau. Yaran da ke zaune a ƙasa suka ragu, siminti ya yi faɗi a kewaye da su. Ramírez ya ɗauke ɗaya, Allah ya yi masa albarka. Salinas ya ɗauke ɗaya. Torres da Trejo suka ɗauke biyu a jere, Casilda ta daki cinyar Crescencio da ƙarfi har ya yi ƙara.

Ƙwaya ɗaya ta rage a hagu. Yara huɗu suka rage a ƙasa.

"Vázquez!" Baƙi.

"Yáñez!"

Wani ɗan siririn yaro ya miƙe, mai in'ina, wanda ke kaɗa ƙararrawa a coci. Crescencio bai san lokacin da hannunsa ya kama na Casilda ba. Suka matse wa juna yatsu, leɓunansu na motsi, su biyu suna roƙon Allah abu guda a kan ɗan mutane. Keji ya juya, ya juya, ya tofo ƙwallo. Laftanar ya ɗaga shi sama.

Baƙi.

Yaron ya durƙusa ya sumbaci siminti. Crescencio ya ji hannun Casilda ya saki nasa a hankali, ya koma kan cinyarta. Ba wanda ya dubi wani. Masu busa ma sun sauke ƙahonninsu, don duk filin ya iya wannan lissafi. Ƙwallo biyu ke ƙara a cikin keji. A ƙasa, Nicanor da Eleuterio sun daina cin gyaɗa.

"Zárate!"

"Ga ni," in ji Nicanor, muryarsa ta koma ta ɗan shekara goma.

Crescencio ya so ya yi addu'a, ya rasa ta inda zai kama ta. Ya tuna nauyin Eleuterio a hannunsa ranar baftisma, yadda ya yi masa fitsari a hannun riga, da alkawarin da ya ɗauka a gaban Fada cewa zai zame masa uba. Ya tuna duk wannan sarai, kuma duk da haka bakinsa na cewa baƙi, baƙi, baƙi.

Baƙi ne.

Bai san ya iya irin wannan ihu ba. Malafar ta tashi sama, ba a sake ganinta ba. Ya tsallake benci, ya sumbaci tsohuwar nan a goshi, ya juyo ya cafke mutum na farko da hannunsa ya samu, ya ɗaga shi sama yana juyi da shi yana cewa, "Baƙi! Baƙi ƙirin!" Sai da ya yi juyi uku ya ga mayafi, ya gane Casilda ce a hannunsa, ƙafafunta na lilo a iska.

Ya sauke ta.

Doka ta ce sai an kira kowane suna, saboda haka laftanar ya kira Zúñiga, ya juya kejin da ƙwallo ɗaya tak ke gungurawa a ciki, ya zaro shi, ya ɗaga wa jama'a kamar akwai wanda bai sani ba. Ba wanda ya yi waƙar soja. Eleuterio ya shafa gashinsa sau ɗaya, ya nufi teburin da ake rubuta sunaye, Nicanor na biye da shi riƙe da ledar gyaɗa.

Crescencio ya yi ƙoƙari ya haɗa fuska. Ya tattara gira, ya cije leɓe, amma kumatunsa suka ƙi, sai komawa sama suke yi. Ya sa hannu ya ja su ƙasa.

"Komadre, ni... wallahi..."

"Bar wahalar da fuskarka, kompadre. Kamar akuya ta ci barkono kake." Ta gyara mayafinta, ta share ido da bayan hannu. "Ka san me na yi jiya? Kyandir na kunna mai tsawon hannuna. Ban ce wa Budurwa ta kare yaran duka ba, na san ba zai yiwu ba. Suna na kama mata. Na ce in har sai ɗaya cikin biyun nan, ta ba Nicanor, shi yana da uba da ƙanne uku."

"Nicanor? Yaron da kika riƙe da hannunki?"

"Shi fa. Har na maimaita mata sunan kada ta rikice."

Ya buɗe baki zai ji haushi, sai dariyar da yake dannewa ta fashe. Ita ma ta taya shi, tana yi hawaye na zuba, har mutanen da ke fita suka riƙa waiwayensu.

"To ta ƙi jin maganarki," in ji shi.

"Ta ƙi. Ni da ita za mu yi magana." Ta face hanci. "Amma kai za ka ji. Bas ɗin nan ɗana ba zai hau shi ba. Akwalar motarka ta kai masara, duk Asabar kai za ka kai shi, ka jira shi a ƙofar bariki, ka dawo mini da shi. In an tare ku a duwatsu ka ce ɗanka ne, ƙwarƙwata ta sa aka aske shi."

Crescencio ya hango hanyar a ransa, kwana-kwananta, da wurin nan mai itatuwa inda direbobi ke kashe rediyo. Asabar hamsin, zuwa da dawowa. Ya ji tsoro. Ya duba ko murnar ta tafi, ya tarar tana nan daram, ko gezau ba ta yi ba, kuma bai san abin da zai ce game da mutumin da ke iya jin waɗannan biyun a lokaci ɗaya ba.

"Ƙarfe nawa ake son su a can?"

"Bakwai, in ji laftanar."

"To ya fito da biyar saura. Kuma ki gaya masa ban da barci a mota, ni ba direban gidanku ba ne."

Yaran suka iso. Nicanor na ta ƙoƙarin ɓoye nasa haƙoran, Eleuterio riƙe da takarda mai hatimi. Crescencio ya kama wuyan kowanne da hannu ɗaya, ya tura su gaba.

"Ku yi sauri," in ji shi. "Nicanor, uwarka na can ta kusa ƙone mana gida da kyandir."