Hannun Baba da Siraran Wayoyi

Tun da likita ya hana Baba ɗaukar kaya mai nauyi, gidanmu bai sake ganin zaman lafiya ba. Ciwon ya zo da sauƙi, Allah ya taƙaita, sai dai ya bar masa hannun dama ba ƙarfi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan kebur mai kaurin damtse a masana'antu, sai ga shi yana yawo da hannu cuse a aljihu don kada a gani. Ya bi soket-soket na gidan ya kwance ya sake ɗaurewa da hagu. Da ya gama da su ya koma kan fankar Umma, wadda ba ta yi masa laifin komai ba.

Umma ta kira ni a waya. "Ki zo ki ɗauki ubanki ki ba shi aiki, tun kafin ya kwance min firji."

Ni ce babbar 'yarsa, ni kaɗai kuma na gaji sana'ar, amma ta wani gefen. A shagona ina haɗa akwatunan da ke kunna injin famfo su kashe shi. Da wasa Umma ta yi maganar, amma ni tsoro nake ji. Na san halin Baba. In ya yarda a ransa cewa ba shi da sauran amfani, zai zauna a kujerar falo, kuma babu mai iya tayar da shi.

Ranar farko ya ɗaga wata siririyar jar waya daga kan teburina, ya karkata kai yana kallonta.

"Wannan waya ce ko zaren ɗinki?"

"Baba, kebur ɗinku shi ke kai wa inji wutar da zai juya da ita. Waɗannan ba sa ɗaukar kaya, saƙo kawai suke kaiwa. Tashi, tsaya, tanki ya cika."

"Au, 'yan aike ne kenan."

"'Yan aike ne. Amma in ba su je ba, inji ko motsi ba zai yi ba, ko da kebur ɗinsa ya kai cinya kauri."

Ya taɓe baki, amma ya ja kujera.

Akwai akwatin da nake haɗa wa wani gidan bene na haya, wanda mazaunansa suka gaji da hawa sama duba tanki. Na ɗaure manyan wayoyin da kaina, daga babban makunni zuwa kwantakta, wato ƙofar da ke sakar wa inji wuta in ta sami saƙo. Siraran na bar wa Baba. Gaskiya ya burge ni. Ya jera su a nasu layin nesa da manyan, ya lanƙwasa kowacce tsaf kamar an ja da rula. Har ya fara 'yan waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa, irin waɗanda rabon da mu ji su tun kafin asibiti.

Da muka gama na haɗa injin gwaji, na ce ya danna koren maɓalli da kansa. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi, kamar maɓallin ne ke masa taurin kai.

"Laifin na can ne," ya ce, ya ɗauki mita ya nufi manyan wayoyin. A duniyarsa in inji ya ƙi tashi, wuta ce ba ta iso ba. Ya auna, ya sake aunawa. Wuta tana nan tsaye a bakin kwantakta tana jira, babu dai wanda ya ce mata ta wuce.

Na kashe komai, na ɗan ja wata siririyar waya da yatsa biyu. Sai ta biyo ni. Sukurun da ke ɗaure ta ya datse sililin jan ƙarfen da ke cikinta gaba ɗaya. Na ja ta kusa da ita, ita ma ta zo. Ta gaba ma haka.

Ban ga laifinsa ba. A aikin babban kebur, in ka bar ɗauri sako-sako sai ya yi zafi ya ƙone, don haka duk rayuwarsa ya saba murɗa sukuru har sai ya yi ƙara. Ga shi kuma da hagu ya yi, hannun da yake so ya nuna wa kowa cewa da sauransa.

Baba ya daɗe yana kallon guntayen a tafin hannuna. Sannan ya fara tattara kayansa cikin jaka.

"Manyan sun fi ƙarfina, ƙananan kuma na fi ƙarfinsu," ya ce. "To ina zan sa kaina? Bari in koma gida kawai."

Raina ya ɓaci, har na ji hawaye na neman zuwa. Na tsaya a bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Baba, da wane hannu kuka ɗaure?"

"Da wanda ya rage min mana."

"Ku gwada da ɗayan."

"Wannan mataccen? Ke dai ba ki da ta-ido."

"A wajenku na koya. Guda ɗaya kawai, in ba ta yi ba ni da kaina zan kai ku gida."

Ya harare ni. Can ya ajiye jakar, ya zaro hannun daman daga aljihu a hankali. Na feƙe bakin sabuwar waya da filaya na sa masa a gurbinta. Sai da sukudireba ya zame masa sau da yawa kafin ya zauna. Ya murɗa, ya murɗa, har inda ƙarfin hannun ya ƙare.

"Kin gani, iyakarsa kenan."

Na ja wayar. Ba ta zo ba. Na kwance na nuna masa: sukurun ya kama ta daram, ko sili ɗaya bai tsinke ba.

Ya karɓe filayar daga hannuna ya hau sauran. Aikin da zan gama kafin shayi ya huce ya cinye masa yamma guda, ni kuwa na koma can gefe ina goge kayan da ba su da datti, don kada hannuna ya kai masa taimako.

Da ya danna koren maɓallin, kwantakta ta ce ƙwas, injin ya ɗauka da gurnaninsa. Ya danna ja, ya tsaya. Ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa, sai da na ce zai ƙona min inji.

Wayata ta yi ƙara, Umma ce. "Ya ake ciki? In zuba masa abinci ko kuwa?"

Baba ya miƙo hannu ya karɓa.

"Ki rufe min shi, zan ɗan daɗe," ya ce mata. "Yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, akwai wani akwatin a ƙasan tebur da ko taɓa shi ba ta yi ba."