Ledar Jini Guda

"Dunƙule hannu," in ji Abdulhamid, mai ɗibar jini a asibitin Madawa, yana ɗaure wa Mahamud dantse da igiyar roba. "Ƙato kamar kai, allura ka jin tsoro?"

Mahamud ya dunƙule, ya kau da kai ya zuba wa bango ido. Abdulhamid ya bubbuga jijiyar da yatsu biyu, sannan ya tsaya da allurar a hannu.

"Kahin in soka, Malam. Kana da naka marar lahiya nan ciki?"

"A'a," in ji Mahamud. "Rakiya na yo."

Allura ta shiga.

To, ba za a ce ƙarya ya yi ba, ba kuma za a ce gaskiya ya faɗa ba. A ɗakin yara, taku ashirin daga inda yake kwance, akwai Mairamu, 'yar shekara shida, ana yi mata ƙarin ruwa. 'Yarsa ce ta cikinsa, kuma ita ce ta fari. A ƙauyensu, can wajen Bangi, mutum mai kunya ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya cewa nawa ne a gaban mutane. Tun da aka yaye ta take ɗakin mahaifiyarsa, Inna Habsa, shi kuwa "yarinyar Inna" yake ce mata. Ko kura ce ta ɗauke ta a gabansa, iyakarsa ya ce, "Jama'a, ga kura can da yarinyar Inna." Amma a duniya babu abin da yake so kamar yarinyar nan, kowa a gidan ya sani, shi ma ya san sun sani.

Da asuba suka taso a kan babur, shi da Inna da yarinyar a tsakiya, jikinta zafi rau. Likita ya ce masassarar sauro ce, magani zai kama. Inna ta zauna da ita a ciki, shi kuma ya fito gindin itacen bedi, wato dogon yaro, inda maza suke jira. Tsakiyar damina ce, lokacin da yara suke kwana biyu-biyu a gado ɗaya, jini kuma ba ya kwana a firigo, wato firjin da ake ajiye shi. Duk wanda aka ce yaronsa yana bukata, sai ya kawo mutuminsa a ɗiba.

Nan wata mata ta same su da hantsi. Doguwa ce, siririya, da baƙin lulluɓi wanda rana ta cinye. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe su, ta ce sunanta Hamdiya, daga wani ƙauye take bayan Buza. Ɗanta yana ciki, an ce jininsa ya ƙare. Mijinta yana Libiya shekara biyu ke nan. An gwada nata an ce ita ma bai ishe ta ba. Ba ta san kowa a Madawa ba.

Maza suka shiga kallon ƙasa. Wani ya ce bai gama noman maimai ba, wa zai riƙe masa hauya in ƙarfinsa ya tafi? Wani ya ce an faɗa masa jinin da aka ɗiba ba ya dawowa sai bayan shekara. Wani kuwa sai ya kara salula a kunne ya miƙe yana "Alo, alo," alhali babu wanda ya ji ta yi ƙara. Shi ma Mahamud gonarsa ya tuna, da ciyawar da ta taso masa bayan ruwan makon jiya. Sai dai matar ba ta yi kuka ba, ba ta yi magiya ba, ta ce musu kawai ta gode, ta dafa ƙasa za ta tashi. Wannan godiyar ce ya kasa haɗiyewa. Ya karkaɗe rigarsa ya bi bayanta.

Bayan an gama, Abdulhamid ya manna masa auduga, ya ba shi ruwan sukari a kofi, ya ce jininsa irin mai shiga jikin kowa ne. Mahamud ya koma gindin bedi kansa yana ɗan juyawa, zuciyarsa kuwa fes. Har gyangyaɗi ya yi.

Ana idar da sallar azahar Inna Habsa ta fito tana jan ƙafa, ɗankwalinta a karkace.

"Tashi ka zo ka gani."

Ya shiga. Mairamu tana kwance tana numfashi sama-sama. Likita ya buɗe tafin hannunta ya nuna masa, fari fat, ya ja fatar idonta ƙasa, nan ma babu ɗigon ja. Ya ce ciwon ya cinye jinin tun safe zuwa yanzu, a samo mai bayarwa, kada a kai magariba.

Mahamud ya fita bayan ɗaki, ya ɓare audugar ya jefar, ya sauke hannun riga. Ya shiga wurin Abdulhamid ya miƙa masa ɗayan hannun, kansa a sunkuye, wai ko ba za a gane shi ba. Mutumin da ya kwanta a gabansa da hantsin nan.

"Kai kuma? Wa za ka ba yanzu?"

"Yarinyar Inna ce."

"Wace Inna? Mi take gare ka?"

Mahamud ya miƙa masa karne, wato katin asibitin yarinyar. Abdulhamid ya karɓa ya duba sunan uba, ya ɗago ya dube shi, ya ajiye takardar a hankali.

"Ɗiyarka ta. Bawan Allah, sai da na tambaye ka! Don mi kake tsammani nike tambaya? Yaron da anka kwantar da wagga masassara, da sahe lahiya, da marece sai jini. Da ka ce mini kana da ɗiya kwance, wallahi da ban taɓa ka ba."

"Ka ƙara ɗiba, likita. Ina da ƙarhi."

"Ba a ɗiba sau biyu rana guda. In na yi, gado biyu za mu nema, naka da nata."

"To wadda anka ɗiba hwa?"

"Ta hita hannuna. An gwada, an kai ma yaron."

An duba Inna Habsa, aka ce ta tsufa. Uwar yarinyar tana gida da cikin wata tara. Mahamud ya fita tsakar asibiti yana ɗaga salula sama yana neman rezo, da ƙyar ya samu ƙanensa Halidu. Halidu ya ce ga shi nan a bakin ƙorama tun ɗazu, an yi ruwa a kan duwatsu, ta ciko har tana tumbatsa, motoci da shanu duk suna tsaye. Ko da kwale-kwale ba a shiga. Sai dai gobe, in ta janye.

Sai ya koma gindin bedi. Ya tsaya daidai inda matar ta durƙusa ɗazu, ya gaishe su, ya ce akwai yarinya a ciki. Mai noman maimai ya sake kawo maimai. Mai salula ya sake samun kira. Wani dattijo ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "Ai da ka riƙe naka, ɗana." Mahamud ya fita bakin ƙofa ya tare masu kabu-kabu, ya tare mai shayi, ya tare wasu samari biyu masu ɗaukar buhunan albasa. Ɗaya ya ce zai je ya dawo. Bai dawo ba.

A bakin gadon, Inna Habsa ba ta rage murya ba, duk ɗakin yana ji.

"An tambaye ka, ka ce rakiya? Ni na koya maka kunyar nan, ban musu ba. Amma ban ce ka kawo ta asibiti ba, Mahamud. Ka ɗauki jinin ɗiyarka ka ba wanda ba ka sani ba."

Ya fita ya zauna a kan dakalin siminti, ya haɗa kai da gwiwa. Gaskiyar magana, a wannan lokacin ya yi nadamar alherin da ya yi. Ya ji haushin matar, da durƙusonta, da godiyarta. Ya ji haushin yaron da bai taɓa gani ba. Ya san ba daidai ba ne, ya yi ta istigfari, amma haushin bai tafi ba. Inuwar bango tana ta tsawo a gabansa, aka kira la'asar bai iya tashi ba.

"Malam."

Ya ɗago. Hamdiya ce tsaye, tana haki kamar wadda ta yo gudu.

"Ka tashi maza ka tahi wurin likita. Jininka shina nan, ba a sa ba. Sun yi ta biɗar jijiya, hannu da ƙahwa da kai, ba su samu ba. Yanzun ga ya cika. Na ji abin da tsohuwarka ta ce, na hwaɗa musu a kai ma ɗiyarka."

"Alhamdu lillahi!"

Kalmar ta fita tun kafin ya san ya buɗe baki. Da ya ji ta da kunnensa, sai ya so ƙasa ta tsage ya shige. Matar ta dube shi, idanunta a bushe.

"Haka ne," ta ce. "Alhamdu lillahi. Tahi."

Ya tafi da gudu. Abdulhamid ya sake gwaji, ya ce ya dace. Aka rataya ledar jinin a kan ƙarfe, aka samu jijiyar Mairamu a bayan hannu. Mahamud ya tsaya yana kallon jan abin yana gangarowa cikin siririyar robar har ya shige jikinta. Sai a sannan ya tuna akwai wata a ƙarshen ɗakin, zaune ita kaɗai kusa da gadon da aka ja wa zane.

Ya je ya tsuguna nesa da ita. Ya ce zai yi wa limamin masallacin bakin asibiti magana, a yi wa yaron sutura a nan, shi zai tsaya a kan komai.

Ta girgiza kai. "Ɗan mutane na ɗauko. Kakarshi tana bakin hanya tana jira tun shekaranjiya. In koma mata hannu wohi, in ce na baro shi cikin ƙasar da ba ta sani ba?"

"Mota ba ta ɗaukar gawa sai an yi shata."

"Na sani. Goya shi zan yi."

Inna Habsa, wadda ɗazu take faɗa, ita ta taso. Ta kwance mayafinta, ta ɗora wa matar yaron a baya, ta gyara masa wuya ya kwanta a kafaɗa, ta ja hularsa ta rufe kunnuwa, ta ɗaure tamau. Bai fi shekara uku ba. Wanda bai sani ba zai rantse barci yake. Sannan ta juyo ga ɗanta.

"Mace ita ɗai daga asibiti, direba zai leƙa goyon. In da namiji tare, ba shi tambaya. Kai ta tasha."

Suka fita, yana gaba da ƙullin kayanta tana biye. A bakin ƙofa ta ce masa a hankali, "Don Allah kak ka yi mini gaisuwa can. In ka yi, sauke ni za su yi."

A tasha motar Buza ta kusa cika. Mahamud ya yi magana da direba, ya nema mata wurin gefen taga, ya ce kada a matse ta, da yaro. Ta shiga ta zauna a bakin kujera don kada ta jingina. Wata mai tallar gyaɗa da ke kusa da ita ta leƙo, ta ce, "Wayyo, ya sha wuya. Ya samu sauƙi dai?"

"Ya samu," in ji Hamdiya.

Mahamud yana tsaye jikin taga. Akwai maganar da ake faɗa wa wanda ya yi rashi, tun yana yaro ya iya ta, ga ta nan a bakinsa ta cika shi. Akwai godiya, akwai neman gafara. Ko ɗaya ba ta da wurin fita. Ya ce, "A sauka lahiya. A gaida gida." Ta ce, "Gida ya ji." Motar ta tashi, ya bi ta da ido har ta sha kwana, a ransa bai daina ganin ƙafafun yaron biyu suna reto ta gefen mayafin Inna ba.

Rana ta yi ja lokacin da ya dawo. Ledar ta yi rabi. Numfashin Mairamu ya daidaita, Inna ta ce ta buɗe ido har ta nemi ruwa, ta kuma buɗe masa tafin hannunta ya gani, ya fara yin jaja-jaja. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon.

Can sai ya lura da rubutu a jikin ledar, layi biyu. An ja wa na sama zane, an rubuta wani a ƙarƙashi. Shi ba ya karanta boko. Da Abdulhamid ya shigo duba ɗigon jinin, sai ya nuna masa da yatsa.

"Likita, mi anka rubuta nan?"

"Na ƙasa sunan ɗiyarka ne."

"Na bisa hwa? Wanda anka soke."

Abdulhamid ya karkata ledar wajen haske. "Usama," ya ce, ya wuce gado na gaba.

Tun safe har aka rabu, bai tambayi sunan yaron ba. Mahamud ya jingina kansa da ƙarfen gadon, hawaye suna bin gemunsa, yana faɗin sunan a hankali, yana sake faɗi, don kada ya ɓace masa kafin a kira magariba.