Harsasai Biyu a Tafin Hannuna

…taku uku a bayanka, ba biyu ba, ba huɗu ba. Haka ka koya mini, Yaya. Ina sa ƙafata cikin sawun da ka bari a ƙanƙara, idona a kan bakin bindigarka. Yana kallon ƙasa. To. Ya ci gaba da kallon ƙasa.

Iskar tekun nan tana yanka kunne kamar reza. Karyarmu Tori tana can gaba cikin busasshiyar ciyawa, ba na ganinta, sai ƙararrawar wuyanta, kililin, kililin, hagu, dama, hagu. Zakarun dawa talatin na saki daga keji da safe, da hannuna. Ashirin na baƙin da suka zo farauta, goma naka. Wai naka…

Takardar likita kan ciwon mantuwarka tana aljihun ƙirjina. Na ninka ta huɗu. Duk numfashin da na ja sai ta soke ni.

Me ya hana ni miƙa ta ɗazu? Ga mu tsaye a ofishin 'yan sanda inda ake ajiye bindigogi, ɗan sandan nan mai fara'a yana cewa, "Kawu Man-sok, bana ma za a taɓa?" kai kana dariya, kana sa hannu a takarda, sunanka tsaf, babu ko karkata. Hannuna yana kan aljihu. Magana ɗaya ce. Ɗaya tak. Sai na ji bakina yana cewa, "Sanyi ya yi yawa bana." Sanyi! Shekarata hamsin da shida, abin da na iya faɗa ke nan.

'Yarka Un-bi ta kira daga Busan shekaranjiya, tana kuka. "Gwaggo, ki karɓe bindigar nan. Idan ya harbi wani fa? Idan ke ya harba?" Ita tana da gaskiya. Daga nesa gaskiya ba ta da nauyi. Ba ita ce ta tarar da takalmanka cikin firiji ba, ba ita ce ta gan ka tsaye a tsakiyar gonar lemu da bokiti, kana neman hanyar gidan da ka gina da hannunka ba. Amma kuma ba ita ce ta ga fuskarka jiya ba, da na ce an buɗe farauta. Ka tashi ka goge bindigar da ba ta nan — tsumma kawai a hannunka, kana shafa gwiwa…

Kililin. Kililin.

Baƙin nan biyu na Seoul suna bayan katangar duwatsu tare da Ko, ma'aikacinmu. Ina hango hulunansu ruwan lemu suna ɓullowa suna nutsewa. Taku nawa tsakaninmu? Sittin? Hamsin? Na ce wa Ko ya yi da su gabas. Na faɗa masa kuwa? Ko a zuciyata na faɗa? Ni ma na fara mantuwar ne?

A'a. Na faɗa. Ina jin na faɗa.

Ina da shekara goma sha biyu, a wannan fegin, ka buge mini hannu har bindigar Baba ta faɗi. Ba harsashi a cikinta ma. "Auta, bakinta ba ya kallon mutum. Ko babu komai a ciki. Ko a mafarki." Kwana uku ban yi maka magana ba, sai da ka kawo mini alewar da Inna take dafawa da naman zakaran dawa, ka ajiye a bakin ƙofa ka wuce. Wannan hannun ne. Ga shi can, jijiyoyi sun fito, yatsa a miƙe a gefen kunamar bindiga. A gefe. Ba a kai ba.

Shiru.

Ƙararrawa ta tsaya.

Ga ta can. Tori ta sandare, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, wutsiya a miƙe, hancinta ya nuna gindin katanga. Katangar. Duk faɗin gonar nan, sai gindin katangar? Hucinta yana fita fari-fari. Jikinta yana rawa amma ba ta motsa ba, 'yar albarka, jira take a ba ta izini.

"Baram," kake cewa a hankali. "Tsaya, Baram."

Baram, tsohon karenka, ya mutu shekara goma sha tara ke nan. Mu biyu muka binne shi a ƙarƙashin itacen al'ul. Tori ba ta san sunan ba, ba ta ko juya kunne ba. In gyara maka? In na yi magana za ka juyo, in ka juyo bindigar za ta juyo tare da kai, ko ba za ta juyo ba? Ban sani ba. Abin da ke kashe ni ke nan, Yaya, ban sani ba. Da, ko da ido rufe zan tsaya a gabanka.

Hulunan suna matsowa. Ina jin dariyar ɗayansu. Ko, kai Ko, gabas na ce maka!

In yi ihu? In na yi ihu tsuntsun zai tashi. In kama maka hannu? Taku uku. Ƙanƙara da santsi. In na zame na faɗa kanka da yatsanka a can…

Kana ɗaga ta. Gindinta ya zauna a kafaɗarka, kumatunka ya kwanta a kan katako, sumul, kamar shekara arba'in ba su wuce ba. Babban yatsa ya ture makullin kunama. Na ji ƙarar. Ƙaramar ƙara ce, amma har cikin haƙorana.

Me kake jira? Ka manta kalmar? Kalma ɗaya ake gaya wa kare ya tayar. Leɓenka yana motsi, babu sauti. Kana nemanta. Ina gani kana nemanta kamar mai lalube a aljihu —

Fur-r-r-r!

Ya tashi da kansa. Jan ƙirji, farin zobe a wuya, doguwar wutsiya tana kaɗawa, yana kuka kamar ana yanka shi. Bai yi sama ba. Wayyo, bai yi sama ba, ƙasa-ƙasa yake bin kan katanga, daidai tsayin kan mutum, bakin bindigar yana binsa, yana binsa, hula ta farko, yana binsa, Un-bi, Un-bi ki yafe mini —

Sama.

Ka ɗaga bakinta sama. Yatsa a gefe. Tsuntsun ya wuce ta kan baƙin, ya faɗa gonar karas.

"Ya yi ƙasa da yawa," kake cewa. "Ba a harbin irin wannan. Akwai mutane."

Bari in dafa dutsen nan. Baƙin ba su ma sani ba. Ɗayansu yana ɗaga mana hannu.

Kana buɗe bindigar, kana zare harsasai biyun, kana zuba mini a tafin hannu, don za a haura katanga, kuma ba a haura katanga da bindiga a ɗure. Komai daidai. Ko kuskure ɗaya babu. Ka haura, ka juyo ka miƙo mini hannu, na kama, na sauka a gefenka.

To me ya sa nake jin kamar an ƙwace mini wani abu? Me na zo nema a bayanka yau? Kuskure. Ashe kuskure na zo jira. Ɗan ƙarami, wanda ba zai taɓa kowa ba, in samu abin da zan nuna maka in ce ka gani, Yaya, ba ni ba ce, kai ne. Ka hana ni ko wannan.

Kana kallona. Kallon ladabi, irin wanda kake yi wa baƙi a bakin ƙofar gona. Ka ɗan sunkuyar da kai.

"Sannu da ƙoƙari, baiwar Allah. Kin daɗe kina aiki a gonar nan?"

Na daɗe.

"To madalla. Ƙanwata ce ta ɗauke ki, ko? Tana da ido." Tafin hannunka a buɗe, a gabana, ba ya ko rawa. "Ba ni harsasaina."

Suna nan. Sun ɗauki ɗumin hannuna. Yatsuna sun ƙi buɗewa, sun ƙi kuma shiga aljihu, kai kuma kana jira, da murmushi, kana jira… Yaya, na gaji. Wallahi na gaji da tsayuwa.