Ramukan Baffa Malum

"An ce Malum mai albasa ya faɗi a bakin jigonsa," in ji Mahmudu mahauci, yana laluben takalminsa a ƙofar masallaci. "Tun da hantsi aka kai shi gida a kan jaki."

"Wane Malum? Na bakin Binuwai?"

"Shi fa. Wanda albasarsa ta kai kan jariri."

"Ai dole ta kai," wani ya ce. "Mutumin da ke binne abu a gonar mutane?"

"Ni dai ban taɓa jin ya zagi kowa ba."

"Masu irin wannan aiki ai ba sa zagi. To, wa zai je dubiya?"

Kowa ya shiga neman takalminsa. Ina tsaye a bayansu, ina ji. Maganar binne abun nan daga bakina ta fara fita, shekara biyar ke nan, kuma lambuna ake nufi.

Da na gaji da dakon fatake na zauna a Garuwa, mai unguwar Hausawa ya yanka mini fili kusa da na Baffa Malum. Faƙo ne, irin wanda Fulani ke kira harde. Ka zuba masa guga goma, ruwan ya kwanta a kai kamar a faranti har rana ta shanye shi. Sau biyu ina dashen albasa, sau biyu tana ƙonewa. Ana cikin haka aka ɗebe mu dakon kayan Jamus zuwa Marwa. Da na dawo bayan wata biyu, sai na tarar an haƙa ƙananan ramuka a lambuna, layi-layi, an cusa kashin shanu da karan dawa, an rufe da ƙasa. Gara ta cika wurin, har ta cinye mini rabin danga.

A garinmu, in ka ga an yi rami a gonarka ba da saninka ba, abu ɗaya ake nufi. Na tara ciyawa na cinna wa wurin wuta. Ranar Juma'a kuma na tsaya a gaban jama'a na ce Malum ya binne mini sammu. Ya dube ni kurum, ya ce, "Sulaimanu, da ka bari damina ta sauka." Shekarar nan mata suka daina sayen albasarsa, sai 'yan jirgin ruwa da ke zuwa da cikowar kogi, waɗanda ba su san labari ba.

Damina ta sauka. Akwai wani lungu da wutata ba ta kai ba, ramuka tara. A nan kaɗai ruwa ya shiga ƙasa. Na sa dagi, sai na ga gara ta huda faƙon ta ko'ina kamar rariya, ƙasar ta yi baƙi, tana marmashewa a hannu. Na zauna a wurin har azahar.

Ban je na same shi ba. Shi ma bai zo ba. Amma daga ranar da ya hango ni ina haƙa ramuka da hannuna, sai ya tsiri hira da jakinsa a gindin danga, da ƙarfi.

"Auraki, kai ma ka san ba a sa ɗanyen kashi a gindin albasa. Sai ya kwana arba'in ya huce."

Ko kuwa, "Auraki, toka kaɗan ake barbaɗawa. Wanda ya jibga ta, gishiri ya jibga."

Ni kuma ina durƙushe a ɗaya gefen, ina ji. Haka na koyi cakuɗa yashin kogi da laka, da rufe fangalin albasa da ƙaiƙayi don kada rana ta gasa shi. A shekara ta uku na aurar da ƙanwata da kuɗin albasar faƙon nan. Nakan aika masa da kwandon farko, in gyara masa jigo in ya tafi kasuwa. Na ɗauka hakan ya isa magana.

Da la'asar na yi sallama a gidansa. 'Yarsa Halime ce ta fito, da ƙwaryar kunu a hannu.

"A'a, maƙwabci! Ba ka tsoron a binne ka a rami?"

"Yaya jikin Baffa?"

"Jiki ga shi nan. Kai ne na biyu tun safe. Na farko jaki ne."

Yana kwance a tabarma a zaure, ɓarin jikinsa ɗaya ya saki, amma maganarsa na fita. Ƙafafunsa duk busasshiyar laka. Na zauna, na gaishe shi, na buɗe baki zan faɗi abin da ya kawo ni, sai ya riga ni.

"Ka kwashe tarin takin da ke bayan tsamiya?"

"Ban taɓa ba, Baffa. Naka ne."

"Ya nuna. Sa hannu a ciki, in babu zafi, kwashe. Rabi naka, rabi na Halime. Ita ba ta da haƙurin juya shi." Ya numfasa. "Kuma fangalinka na gabas ya fara farin gishiri. Kana cika masa ruwa."

"Baffa, akwai maganar da..."

"Ƙasa ba ta mutuwa, Sulaimanu. Rufe bakinta take yi. Sai ka samo mata mai buɗewa." Ya lumshe ido. "Jakin nan ya huta da surutuna. Da ma ba ya ganewa."

Na yi dariya, ya yi, Halime ta shigo da kunu. Na ce a raina gobe, in ba kowa. Washegari ina bayan tsamiya, hannuna cikin tarin takin har gwiwar hannu, na ji kukan Halime. Takin ya yi sanyi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko.

Ni da liman muka yi masa wanka. Da aka fito da shi ƙofar gida, mutane sun zo, don ba a ƙin jana'iza, amma sun tsaya nesa-nesa a inuwar katanga, suna magana ƙasa-ƙasa. Halime na bayan zana tana jin su. Na san in aka rufe shi a haka, da wannan suna za a riƙa kiranta, da ita da 'ya'yanta.

Liman ya ce, "Jama'a, ɗan'uwanku ya riga mu. Duk wanda ya saɓa wa, ya yafe masa."

Aka amsa sama-sama. Ni ba mai magana cikin taro ba ne. Sau ɗaya na taɓa yi, kun kuwa ji abin da na faɗa. Na fito daga sahu.

"Malam, a dakata."

"Sulaimanu, in yafiya ce, ka yi a zuciyarka," in ji Mahmudu. "Rana na yi."

"Ba ni zan yafe ba. Abin da ya binne a lambuna kashin shanu ne da kara. Da su ya jawo mini gara ta fasa faƙo, ni kuma na yi masa ƙazafi a gabanku. Na gane tun daminar farko, na yi shiru. Duk albasar da kuka saya a wurina, aikinsa kuka ci."

Wani tsoho ya baro inuwar katanga ya shigo sahu, wani ya bi shi. Na durƙusa kusa da makarar, na dafa bakin tabarmar da aka naɗe shi, wajen kafaɗa.

"Baffa Malum, na gode. Na zalunce ka. Ka yafe mini."