Wuyan Rigar Baba

Tun da Yaya ya bugo waya ya ce, "Ga mu a ƙofar makaranta, har da Mama," Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Mama da ko gidan maƙwabta sai an yi da gaske take leƙawa, yau ita ce ta taso ganin baje kolin ɗaliban zane.

Aikin Auta yana kan ƙaramin tebur kusa da taga. Littafi ne da ta haɗa da hannunta, babu rubutu a ciki. Ita ta jiƙa tsofaffin jaridu ta dama ta shanya suka zama takarda, ita ta ɗinke da zare da allura. Bangon kuwa, da ƙyallayen da ta manna a kowane shafi, rigar Baba ce. Shuɗiyar nan mai ratsin fari, wadda Mama ta ƙulle a leda ta ajiye a ƙasan akwati tun rasuwarsa. Malamarsu ce ta ce kowa ya yi aiki da abin da zai ji zafin yankawa. Masu hankali suka kawo tsofaffin jakunkunansu. Auta, uwar iyayi, ta faki idon Mama ta kai hannu inda ba a kaiwa.

Ta so ta cusa littafin ƙarƙashin tebur, amma malamar tana tsaye a kansa, sai nuna wa baƙi take yi. Tsoro ya kama Auta sosai. Ba dukan Mama take tsoro ba, Mama ba ta duka. Shiru take yi, kuma shirunta yana iya cinye wata.

"Ina abin da ya hana ki wanke-wanke?" in ji Yaya, yana dariya. Da idonsa ya sauka a kan bangon, dariyar ta ɗauke.

Mama ta sa tabarau. Ta shafa bangon. Ta buɗe shafin farko, ga aljihun rigar, an ɗinke bakinsa da jan zare. Na gaba, maɓallai a jere. Na gaba, facin gwiwar hannu da ita kanta ta yi wa Baba. Auta tana jiran tsawa, ko hawaye, ko dai wani abu.

Sai Mama ta ɗaga littafin, ta kai hancinta. Ta buɗe tsakiya ta sake shinshinawa. Ta juya bayansa.

"Auta, kin wanke rigar?"

"Eh, Mama. Idan ba a wanke an goge ba, gam ba ya kamawa."

"Yankan bai dame ni ba," in ji Mama a hankali. "Ai ba sawa nake yi ba. Amma kin san dalilin da ya sa na ƙulle ta a leda?"

A nan Auta ta gane. Ta tuna yadda Mama kan rufe ƙofar ɗaki, a ji ƙarar murfin akwati, ta jima kafin ta fito. Ashe ba kallon rigar take yi ba, ƙanshin jikin Baba take shaƙa.

Auta ba ta san lokacin da ta fita da gudu ba. Wuyan rigar! Kauri ya yi mata, ya ƙi kwanciya, shi ya sa ta fara yanke shi ta jefa a kwandon tarkace tun kafin wankin. Ta bi dogon barandar tana "Allah ka sa, Allah ka sa." A ƙofar ɗakin aiki ta ci karo da mai shara rungume da kwandon.

"Malam, don Allah tsaya!"

Ta durƙusa ta juye shi a ƙasa. Yankakkun takardu, busasshen fenti, ɓawon ayaba. Can ƙasa, tsakanin guntayen kwali, ga shi a murɗe, da duhun gumi a gefensa. Ta kasa kai shi hancinta. Idan babu komai fa? Ta riƙo shi da hannu biyu ta koma, tana sauri tana kuma tsoron isa.

Mama ta karɓa. Ta rufe ido, ta daɗe ba ta ɗago ba, mutane suna ta giftawa ta bayanta.

"Yana nan," ta ce. "Kaɗan."

Ta juya wajen Yaya. "Maza nemo mini leda."