Teburin da Mailafiya Ya Zaɓa

Mailafiya malamin dabbobi ne a Kontagora, shi ke yi wa shanu allura daga Dukku har Kumbashi. Lokacin da ake ginin dam ɗin Kainji aka tura shi can wata shida, yana duba shanun da ake yanka wa ma'aikata. A nan wani Bature mai tuƙa katafila ya koya masa wasan karta irin nasu da suke kira foka: kowa ya ɓoye katinsa, ya zuba 'ya'yan wasa a tsakiya in hannunsa na da ƙarfi, ko kuma ya zuba don ya razana sauran alhali ba ya riƙe da komai. Da ya dawo gida ya koya wa abokansa. Kowace Lahadi bayan la'asar sukan zauna a gindin mangwaro, suna wasa da 'ya'yan tsamiya don nishaɗi kawai.

Bayan damina, amininsa Ɗan'azumi, direban babbar mota, ya shigo masa da takarda a hannu.

"Mailafiya, lokacinka ya yi. Kulob ɗin ma'aikatan Kainji sun sa gasa ranar Asabar ta sama. Mutum sittin. Wanda ya ci, rediyo babba mai batir shida."

"Ranar ai kulob ɗinmu na nan gari ma suna tasu."

"Ta mutum goma sha huɗu? A kan rago? Haba! Kai da ka koya a hannun masu abin?"

Mailafiya ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya. "'Ya'yan wasa nawa ake ba kowa? Awa nawa ake yi?"

Ɗan'azumi bai sani ba. Shi rediyon kawai ya ji.

"To ba zan ce maka komai ba sai na gani da idona," in ji Mailafiya.

A satin yana da aikin allura a Zugurma, da ya gama sai ya hau babur ɗinsa ya zarce Kainji. Ya tarar ana wasan gwaji a kulob ɗin da rana, ya ja kujera ya zauna a gefe. Kowa da 'yan tsirarun 'ya'yan roba a gabansa. Duk bayan minti goma a kaɗa ƙararrawa, abin da dole a zuba ya ninka. Kafin mutum ya gama kallon fuskokin abokan zamansa, rabin nasa sun tafi. Wanda nasa suka ƙare kuwa sai ya sa hannu aljihu ya sayi wasu ya dawo. Mailafiya ya ga wani ya yi haka har sau uku, gumi na zuba masa. Da lokacin azahar ya yi babu wanda ya tsaya. Mailafiya ya tashi ya yi sallarsa a waje, ya kama hanya.

Washegari ya je wajen sakataren kulob ɗin Kontagora ya yi masa tambayoyi iri ɗaya. Nan ana ba kowa 'ya'yan wasa cike da kofi, ana farawa da hantsi, a tashi salla da abinci, a gama kafin magariba. Ragon kuwa kulob ne ya saya, kuma wanda nasa suka ƙare ya fita ke nan, ba dawowa.

"Rubuta sunana," in ji Mailafiya.

Ɗan'azumi ya yi ta mita. "Tsoron manyan 'yan wasa kake ji."

"Ba tsoro ba ne. Na san irin wasana. Ni sai na zauna da mutum awa biyu na ga yadda yake ajiye kati, yadda yake numfashi, sannan in taɓa shi. Can kafin in san sunan na kusa da ni an kore ni. Sannan wasan da ake sa hannu aljihu a tsakiyarsa ya tashi daga wasa, ya zama caca, kuma ni ba na yi. Hutuna na kwana ɗaya ne, ina so in more shi."

"Ni dai Kainji za ni."

"Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe su."

Ranar Asabar Mailafiya ya sa farar rigarsa ya tafi kulob a ƙafa. Har azahar bai shiga wasa fiye da sau huɗu ba. Kati ya zo, ya duba, ya ajiye. Wani malamin makaranta ya ce masa, "Malam, kallo ka zo yi?" Ya yi murmushi ya ce eh. Bayan abinci malamin makarantar ya fita, Mailafiya kuwa yana nan da tulin 'ya'yan wasansa, har ya ɗan ƙaru.

Da aka dawo daga la'asar saura su biyu: shi da Ndayako, wani dattijo Banufe, akawun gidan waya, wanda ya kwashe kusan kashi biyu cikin uku na 'ya'yan wasan. Tun safe Mailafiya ke lura da shi. In hannunsa na da kyau, sai ya yi ta hira yana tauna goro a hankali. In kuwa babu komai, sai bakin ya tsaya cik.

Aka raba kati. Mailafiya ya duba, masu lamba tara guda biyu ne, ba wani abin kirki ba. Ndayako ya tura tulinsa gaba ɗaya tsakiyar tebur ya harɗe hannu. Goron na kumatunsa, bai motsa ba.

Mailafiya bai daɗe yana tunani ba.

"Baba, na biyo ka," ya ce, ya tura nasa duka.

Ndayako ya dube shi, ya buɗe katinsa. Ko biyu masu kama da juna babu. Ya fashe da dariya, ya faɗi wata magana da Nufanci, sannan ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka?"

"Babu wanda ya gaya mini, Baba."

Daga nan wasan bai ɗauki rabin awa ba. Ndayako ya miƙe ya ba shi hannu, ya kwance ragon da kansa ya danƙa masa igiyar. Mailafiya ya ja shi ta bakin kasuwa, mahauta na yi masa kirari, har gida.

Ranar Litinin Ɗan'azumi ya dawo da lodin busasshen kifi, ya tsayar da motar a ƙofar gidan.

"Ina rediyo?" in ji Mailafiya.

"Minti ashirin na yi. Ko kujerar ba ta yi ɗumi ba." Ya zauna a kan benci ya cire hula. "Amma na ga ruwan dam, wallahi kamar ba shi da ƙarshe. Sauran yinin a bakinsa na yi."

"To ai ba ka yi asarar tafiya ba."

Ɗan'azumi ya leƙa cikin gida, ya ga ragon na cin harawa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yaushe za a yanka?"

"Juma'a. Ka zo da iyalinka, Baba Ndayako ma zai zo."